Man Kaɗen Gwamma da Ganyen Gwaza

Dalilin da ya sa ruwa ba ya zama a kan ganyen gwaza kuke son ji? To ku matso, ku bar bakin ƙofar nan kada feshi ya jiƙa ku. Ai na gan ku ɗazu a bayan gida, kuna ta zuba wa ganyen ruwa, ruwan yana dunƙulewa yana gangarewa kuna dariya. Da can ba haka yake ba.

A da, babu ganyen da ya kai na gwaza shan ruwa. Ga shi da faɗi, amma ko raɓa ce ta sauka masa sai ya jiƙe sharkaf, ya langaɓe kamar tsumma, ya kwanta cikin laka. Ba mai shuka gwaza, ba wanda ya san ana cin sa. Yana can bakin gulbi shanu suna tattake shi. A wancan zamani kuma tsirrai suna magana, amma sai da wanda ya fara yi musu magana cikin ladabi, mutane kuwa ba su cika yin haka ba.

To, akwai wani tsoho mai ɗiban zuma, sunansa Dogara. Rabin rayuwarsa a daji ya yi ta. Ya san icen da ke ci da wuta ko da ɗanye ne, ya san inda ake kwana kura ba ta zo ba. Matarsa kuwa, Gwamma, ko sau ɗaya ba ta taɓa kwana a waje ba. Shekara arba'in suna tare, kullum suna 'yan faɗace-faɗacensu, kuma ɗayansu ba ya iya cin tuwo in ɗayan ba ya gida. 'Ya'ya bakwai Gwamma ta haifa, ɗaya ce ta rayu, auta, mai suna Tsahara. Aka aurar da ita a wani gari tsallaken gulbi, ta shekara tara ba haihuwa.

Ranar da labari ya zo cewa Tsahara tana da ciki, Gwamma ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Da damina ta faɗi, kaɗanya ta fara zuba, sai ta riƙa fita da sassafe tana tsinto ƙwara, ga ciwon gwiwa yana damunta. Ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya, ta daka, ta niƙa a dutse, ta yi ta bugu har hannunta ya ƙage. Abin da ta samu ƙoƙo ɗaya ne na man kaɗe, fari tas. Ta rufe shi da faifai, ta ɗaure da tsumma, ta rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Ko da ƙafarta ta yi faso ba ta taɓa shi ba.

"Na jikata ne," in ji ta. "Da hannuna zan shafa mata."

"Wa ya gaya miki mace ce?" in ji Dogara.

"Ni na gaya wa kaina."

Mace ɗin kuwa aka haifa. Saƙo ya iso ana saura kwana biyu suna, a tsakiyar marka, lokacin da sama ke kwana tana yini ba ta ɗauke ba. Gwamma ta ce su yi sammako don su riski mai fito kafin ya tashi daga bakin gulbi. Dogara ya ce shi ba zai shiga gidan surukai hannu biyu ba, akwai wata amya cike da zuma da ya daɗe yana ajiye wa mai jego, sai ya ɗebo. Ya tafi, bai dawo ba sai da rana ta yi tsaka, da goran zuma a kafaɗa da harbi biyu a kunne. Suka kama hanya Gwamma tana mita, shi yana gaba kamar bai ji ba.

Ba su isa gulbi ba sai da rana ta yi ja. Ruwa ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itatuwa. Jirgin mai fito yana can ɗaure a ɗaya gaɓar. Dogara ya yi kira har muryarsa ta dushe, ƙarar ruwa ta shanye kiran. Ƙauyen da suka baro a baya kuwa tafiyar rabin yini ce.

"Da mun yi sammako," in ji Gwamma.

Maganar ta yi masa zafi, don ya san gaskiya ce. Ya ce akwai wani mashigi can gaba kaɗan, tun yana saurayi yake ƙetare shi. Bari ya fara kai zumar da gwadon da suka ɗauko, sannan ya dawo ya goya ta.

"Maigida, kada ka shiga. Da da yanzu ba ɗaya ba ne."

Bai saurare ta ba. Ya ciro 'yar jakar ƙyastu daga wuyansa, wato ƙarfe da dutsen da ake ƙyasta wuta da su, da wani ƙaho mai marfi da yake ajiye audugar rimi a ciki, ya miƙa mata tare da gatarinsa. Ya ɗora gora da gwado a ka, ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Sai yashi ya zame a ƙarƙashin ƙafarsa. Gwamma ta ga goran zuma ya yi gaba, gwado ya bi shi, kan mijinta ya nutse ya taso. Ta bi gaɓa da gudu, ita da ta manta yadda ake gudu, ta same shi ya rungumi saiwar wata bishiya. Ta kwance mayafinta ta jefa masa gefe ɗaya, ta naɗe ɗayan a hannu, ta zauna daɓas cikin laka ta yi ta ja har ya fito.

Ya kwanta yana amayar da ruwa. Kafin ya gama, hadari ya sake haɗuwa, yayyafi ya fara. Jikin Dogara ya ɗauki rawa, haƙoransa suna haɗuwa, leɓensa ya yi fari. Ya gwada miƙewa ya kasa. Ya dubi hannuwansa, ya ga ko wuƙa ba za su riƙe ba.

"Gwamma," ya ce, "in ba a samu wuta ba, ba zan kai safiya ba. Na ga sanyi ya kashe maza a daji."

Ta ji kamar ta fasa ihu. Amma ta share fuskarta ta ce, "Ni ban san daji ba. Ka riƙa faɗa, ni ina yi."

Haka suka yi. Ya ce su bar kwari su hau tudu, ta ja shi zuwa gindin wata tsamiya. Ya ce ta saro sanduna masu gwafa guda biyu ta kafa, ta gicciya doguwa a kai, ta jingina wasu ta ɓangaren da iska ke fitowa. Ya nuna mata kalgo, ta ɓare bayansa ta yi igiya ta ɗaure. Ta yanko gamba ta jera a kai, kan ciyawar yana duban ƙasa. Bukka ta tsaya, a karkace dai, amma ta tsaya.

"Ice fa? Duk ya jiƙe."

"Kada ki ɗauki na ƙasa. Duba mataccen reshe da ke tsaye a jikin bishiya. Faskara shi, cikinsa a bushe yake. Ki fere shi siriri siriri, ki sa a cikin zanenki."

Ta yi haka. Ya ce kada ta hura a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta shimfiɗa ɓawon itace tukuna, ta jera duwatsu uku. Ta buɗe ƙaho. Audugar da ke ciki ba ta fi a hura wuta sau biyu ba. Ta yagi rabi, ta yi ta ƙyastawa har ta fasa yatsa, can tartsatsi ya kama, hayaƙi ya taso siriri. Ta sunkuya tana hurawa a hankali. Sai wani ɗigo ya ratso ciyawar rufi ya faɗo tsakiyar audugar, ɗis. Shi ke nan.

Ta ɗaga kai ta ga rufin yana yoyo ta ko'ina. Ciyawar ta yi kaɗan, duhu kuma ya kusa rufewa, ba lokacin yanko wata.

"Maigida, yanzu me zan yi?"

Ta juya ta dube shi. Rawar jikin ta ragu, idonsa yana lumshewa. Ta girgiza shi, ya ce da ita cikin wata irin murya, "Bari in ɗan yi barci." Ta tuna shi da kansa ya taɓa gaya mata cewa wannan barcin ba a tashi daga shi.

Ta fita da gudu neman abin rufi. A gangaren tudun ta tarar da gwaza, ganyayensa manya manya kwance cikin laka. Ta ɗaga ɗaya, ruwa yana tsiyaya ta cikinsa kamar rariya. Ta durƙusa a wurin. Ba ta da wanda za ta gaya wa, sai ta gaya wa ganyen.

"Sannu, bawan Allah. Kai ma ruwan ya dake ka, ko? Da kana tare ruwa da na roƙe ka arziki."

Gwaza bai taɓa jin an yi masa sannu ba. Sai ya ce a hankali, "Yauwa, Inna. Na ga duk abin da ya faru. Da ina da amfani da na ba ki kaina. Amma kin gan ni, faɗin banza gare ni. Ban taɓa kwana a bushe ba tun da aka halicce ni."

Gwamma ta sa hannu ta share lakar da ke kan ganyen. Da safiyar nan, da take ɗaure ƙoƙon man kaɗe, ɗan maiƙo ya taɓa gefen hannunta. Inda wurin ya goga, sai ta ga ɗigon ruwa ya sauka bai shige ba, ya tsaya ya yi ƙwallo, ya gangara. Ta zuba wa wurin ido. Ta gane abin da za ta yi, kuma ta gane abin da zai ci mata.

"Gwaza, in na yanke ganyenka, zai yi maka ciwo?"

"Zai yi. Yanke, Inna. Wasu za su fito."

Ta yanko ganye goma sha biyu ta koma bukka. Ta kwance ƙullin kayanta ta ciro ƙoƙon. Ta buɗe faifan, man yana nan fari tas, ko yatsa bai taɓa shiga ba. Ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi tsohon nan da ke kwance a dunƙule kamar yaro. Sai ta luma yatsunta biyar a ciki.

Man ya daskare saboda sanyi, sai ta murza shi a tafin hannu ya narke, ta shafe ganyen ciki da baya, ɗaya bayan ɗaya, tana yi hawaye yana zuba. Ta jera su a kan rufin, na sama yana hawa kan na ƙasa, ta danne da sanduna. Ta shigo ta saurara. Ruwa yana buga ganyen, fat fat fat, yana gangarewa ta baya. Ko ɗigo bai sauko ba.

Ta ɗauki sauran audugar. Ta lakato mai kaɗan ta shafa wa ƙiraren da ta fere. Ta yi bisimilla ta ƙyasta. Tartsatsi ya kama, ta hura, ta hura, har wuta ta tashi ta lashi ƙiraren, man ya sa ta ci da ƙarfi. Ta riƙa ƙara mata ice kaɗan kaɗan, ta jera jiƙaƙƙun a gefe suna shan zafi suna bushewa kafin layinsu ya zo.

Ta tuɓe wa Dogara jiƙaƙƙiyar riga ta rataye kusa da wuta. Ta kwashe sauran man duka, ta murje masa ƙirji da baya da tafin ƙafa, tana murzawa tana yi masa faɗa don kada ya yi barci.

"Zuma! An ce maka mai jego ba za ta rayu ba sai da zuma? Buɗe idonka ina magana. Shekara arba'in ina gaya maka abu kana yin naka. Buɗe idon, na ce!"

A cikin guzurinta akwai garin gero kaɗan, da citta, da 'yar tsamiya, da ƙaramar tukunya. Ta tara tukunyar a bakin wani ganye, ruwan sama mai tsabta ya zubo ya cika ta. Ta ɗora a kan duwatsu. Ta jiƙa tsamiyar a ludayi, ta dandaƙa citta da ƙotar gatari, ta dama garin da ruwan tsamiya a cikin ƙoƙon da ya zama wayam. Da ruwa ya tafasa ta sheƙa, kunu ya yi kauri, maiƙo yana yawo a samansa. Ta tallafo kansa a cinyarta tana ba shi da ludayi. Na farko ya zube ta gefen baki. Na biyu ya haɗiye. Kafin ƙoƙon ya kai rabi, rawar jikin ta dawo da ƙarfi, ta kuwa yi hamdala, don ta san jiki ya farka ke nan.

Sai ta ji muryar gwaza daga gangare. "Inna, kunu ba zai riƙe ku ba, ke kuma ba ki ci komai ba. Zo ki tona ƙarƙashina. Amma ki gasa shi sosai, in bai nuna ba yana da ƙaiƙayi."

Ta ɗauki bakin wuta ta je ta tona, ta sami 'ya'yan gwaza dunƙule dunƙule. Ta ɗebi huɗu, ta mayar da ƙasa ta rufe sauran. Ta binne su cikin toka mai zafi, ta ja garwashi ta rufe, ta riƙa juyawa har tsinke ya shige su ba gardama. Ta ɓare ɗaya, tururi ya tashi, cikinsa fari da gari. Su ne mutane na farko da suka ɗanɗani gwaza. Dogara ya ci biyu, ya yi gumi, ya yi barci irin na masu rai. Ita kuwa ta kwana zaune, bayanta a bakin bukka tana tare masa iska, tana ƙara ice.

Shi kuwa ruwa, ya kwana yana neman inda zai zauna a kan ganyen nan. Ya saba da shi, nan ne wurin hutunsa. Ya zo da yayyafi ya zame, ya zo da ƙarfi ya zame, ya haɗo da iska ya zame. Da asuba ta yi ya gaji, ya yi zuciya. Ya ce, "Ni za a wulaƙanta? Na rantse ba zan ƙara zama a kan gwaza ba, shi da 'ya'yansa da jikokinsa." Ya tattara ya ɗauke. Shi a ganinsa horo ya yi wa gwaza.

Da gari ya waye Dogara ya tashi zaune. Ya dubi rufin, ya dubi wutar, ya ce ba laifi, amma sandar tsakiya ta karkace. Sannan idonsa ya sauka kan ƙoƙon, ya ga an suɗe shi tas. Ya ɗauka ya jujjuya. Ya shinshina hannunsa.

"Gwamma, man jikarki ne."

"Na sani."

"Da kin bar ko rabi."

"Rabinka zan kai mata?" Ta karɓe ƙoƙon daga hannunsa. "Sa rigarka, ta bushe."

Ya sa rigar, ya juya baya yana gyara igiyar wando, ya daɗe yana gyarawa. Ita ma ba ta leƙa fuskarsa ba.

Kafin su sauka bakin ruwa, Gwamma ta je ta durƙusa gaban gwaza ta yi masa godiya. Sai ta ga ƙananan ganyayen da ba ta yanka ba, waɗanda ko mai ba su gani ba, sun miƙe tsaye, raɓa tana birgima a kansu tana faɗuwa.

"Inna," in ji gwaza, "yau na ji yadda bushewa take. Ashe haka duniya ke da daɗi."

"Allah ya bar maka," ta ce, "kai da zuriyarka."

Hayaƙin wutarsu mai fito ya hango, ya turo jirgi ya ƙetare da su. Suka isa gidan suna da hantsi, laka har gwiwa, ba zuma, ba mai, ba gwado. Gwamma ta shiga ɗakin mai jego kanta a sunkuye, ta zauna a bakin ƙofa ta kasa ɗaga ido. Tsahara ta ce, "Inna, lafiya?" Ta ba ta labari tun daga farko, ta ƙare da cewa, "Wata uku ina haɗa shi. Ga shi na zo miki hannu biyu."

Tsahara ta sauko daga gado, duk da an hana ta, ta kama hannuwan uwarta, masu faso da ƙuna da yankan ciyawa, ta kifa fuskarta a ciki. Ta ce, "Inna, mai akwai shi a kowane gida a garin nan. Baba kuwa guda ɗaya gare ni." Ta ɗauko jaririyar ta sa mata a cinya, ta aika a kira tsohon. Ya shigo yana tari, ya leƙa fuskar yarinyar, ya ce, "To amaryata, ga angonki, saura kaɗan gulbi ya riga ki." Yarinya ta yi atishawa, ɗaki ya ɗauki dariya, Gwamma tana dariya tana kuka.

Shi ya sa har yau ruwa ba ya zama a kan ganyen gwaza. Ruwa yana nan a kan rantsuwarsa, addu'ar tsohuwa kuma ba ta faɗi ƙasa ba. In kun shafa ganyen a hankali za ku ji santsi a yatsunku, man jaririyar nan ne da ba ta samu an shafa mata ba. Gobe in kun je wasa da shi, kada wanda ya yaga.